Zuma da Harbi

Ranar Alhamis, in na rufe keken ɗinki,
sai in share teburin yanka,
in ture ƙyallaye gefe,
in fito da kwalin sukari da almakashi.
Nan ce maƙerata.
Ba zugazugi, ba gawayi,
sai biro mai tsiyaya
da fankar da ke tari tun bara.

A Rumde Ajiya muke, cikin Garwa.
Ni ke jan labari, su ke shiga ciki:
Hamajoda mai gyaran babur ya koma maharbi,
Dijja ta kantin magani ta koma ɓarauniya,
Wabi kuma ɗan su ne mai magana da kifi.
Ƙwaya mai fuska ashirin, sassaƙar icen maɗaci,
ita ke raba mana gardama,
ko da yake ta cika son bakwai,
don gefenta ɗaya ya karkace.

Dokata guda ce wurin ƙira:
ba na ba da zuma sai da harbi.

Na rubuta: Ludayin Kaka Asta.
Tsoma shi a busasshen yashi, ya fito da ruwa,
amma kowane kurɓi
zai share maka sunan mutum ɗaya daga kai.
Na rubuta: Takalmin taya.
Ka taka Binuwai da shi kamar daɓe,
ka yi ƙarya sanye da shi, ka nutse har wuya,
dorina na kallonka.
Sai allurar da ke ɗinke sara,
zarenta daga kwanakinka take warwarowa.

Kawuna ya leƙo wata rana:
"Wannan ba tsubbu ba ne?"
Na juya masa bayan kwalin, ga hoton sukari.
Ya yi dariya, ya tafi da gorona.

Dijja ce ta karya min ludayi.
Kwana uku na yi ina auna shi,
ita ko minti biyu ba ta yi ba.
Ta ɗebo, ta shayar da dodon da ke farautarta
har ya manta sunanta, ya manta nasa,
ya zauna yana sosa ƙeya.
Na ciji yatsa, na kuma tafa mata.
Maƙeri ba shi ke zaɓa wa wuƙa abin yanka ba.

Makon jiya, da aka watse,
Wabi ya tsaya yana murza hula.
"Ƙera min rediyo," in ji shi,
"mai kamo tasha ɗaya tak,
muryar wanda ya riga mu."
Na san kujerar da yake kallo.
Ta wansa Sali ce,
kafin hanyar Ngawundare ta karɓe shi.
Takardar jaruminsa na nan cikin aljihun tebur,
da tabon shayi a kusurwa.

Na yanka kwali, na zana eriya, na zana maɓalli.
Da na zo layin farashi, biro ya cije.
Ido ɗaya? Shekara goma? Barci?
Ko me na sa zai biya,
kuma ba ɗan sun cikin labari ne zai biya ba.
Ina zaune har aka kira asalatu.

Yau na miƙa masa.
Ya karanta, ya juya, ya sake karantawa.
"Ina harbin?"
Na ce, "An riga an sha shi."
Hamajoda ya buɗe baki zai ce da son kai,
Dijja ta take masa ƙafa.

Wabi ya jefa ƙwaya. Bakwai.
Idanu duka suka dawo kaina,
don ni ne muryar kowa a teburin nan,
dodo, mai fito, tsohuwar bakin rijiya.
Na haɗiye yawu,
ina laluben yadda Sali ke cewa "kai, ɗan ƙanena,"
da dariya maƙale a ƙarshe.

Fanka ta yi tari.
Na murɗa maɓallin kwali.